Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Abin Da Ke Bayan Takardar Gurbin Karatu A Ƙasar Waje

Da zarar hukumomin WAEC da NECO sun saki sakamakon jarrabawa, sai wata kasuwa ta buɗe a shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp da allunan talla na bakin titi, daga Abuja zuwa Kano, daga Kaduna zuwa Maiduguri. Hajar da ake tallatawa ita ce gurbin digirin farko a ƙasar waje: likitanci a Masar ko Jojiya, injiniyanci a Indiya ko Malesiya, ilimin kwamfuta a Cyprus, ga rangwamen rabin kuɗin makaranta, babu JAMB, babu yajin aiki. Yaro ya tura hoton sakamakonsa da na fasfo, kafin mako ya zagayo an turo masa takarda mai tambarin jami'a, da sunansa a rubuce da manyan haruffa. Ran nan gida ya kaure da murna, 'yan'uwa su yi ta sa albarka, wani kawun ma har ya fara kiransa likita.

A cikin duk abin da tafiyar ke buƙata, wannan takarda ita ce mafi arha, kuma ita ce mafi sauƙin samu. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa a duniya da kuɗin ɗaliban ƙetare suke rayuwa, don haka ba sa wahalar da mai nema. Su ne ma ke nemansa. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne wanda zai biya kuɗin shekara ta uku da ta huɗu idan canji ya tashi, da makomar ɗalibi idan ƙasar ta rikice, da kuma ko Najeriya za ta karɓi shaidar da zai dawo da ita. Digirin farko ba kamar na biyu ba ne da ake iya kammalawa cikin shekara guda. Shekara uku ne zuwa shida, wani lokacin bakwai idan an haɗa da shekarar koyon harshe. Wanda ake turawa kuwa galibi bai wuce shekara 17 ko 18 ba, bai taɓa riƙe kuɗin cefanen wata guda a hannunsa ba.

Abin da ke tura su waje

Ba son yawo ne kaɗai ke sa iyaye su duba ƙetare ba. Kusan matasa miliyan biyu ne ke rubuta jarrabawar JAMB a kowace shekara, kuma waɗanda ke samun gurbi ba su kai rabi ba. A fannin likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya abin ya fi tsanani, domin hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i sun ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Yarinya za ta ci maki mai kyau, ta nemi likitanci sau biyu ko uku, a ƙarshe a ba ta ilimin tsirrai. Wanda ya samu gurbin kuma bai san ranar fitarsa ba: a 2020 ƙungiyar ASUU ta shafe kusan wata tara tana yajin aiki, a 2022 kuma aka rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya je Kampala ya dawo da digiri, alhali nasa ɗan yana aji uku har yanzu, ba za a zarge shi ba idan ya fara tunanin sayar da fili.

Fita neman ilimi kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko ake tafiya gabas karatu, wasu su zarce har Azhar. A zamanin Turawa, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu shekara guda bayansa, Sheikh Abubakar Mahmud Gumi kuma ya yi karatu a Bakht er-Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950. Sai dai waɗannan duk manyan mutane ne da suka riga suka fara aiki, hukuma ce ta tura su, ita ta biya, kuma aikinsu na jiransu a gida. Yau yaro ne ke tafiya, aljihun iyayensa ne ke biya, kuma babu wanda ya ajiye masa kujera.

A yi lissafi da naira, a biya da dala

A watan Mayun 2023 ana sayar da dala ɗaya a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati, kuma iyaye na iya neman dalar kuɗin makaranta a wannan farashi ta hanyar cike takardar Form A a banki, ko da yake akan sha jira. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Mahaifin da ya yi lissafin dala 5,000 a shekara, wato naira miliyan 2.3, sai ya wayi gari ana neman miliyan 7.5 a hannunsa, alhali makarantar ba ta ƙara ko sisi ba, albashinsa ko ribar shagonsa ma ba su ƙaru ba. A watan Mayun 2024 labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila ya karaɗe duniya: gommai daga cikinsu sun gaza biyan kuɗi a kan lokaci saboda faɗuwar naira, aka dakatar da karatunsu, aka sanar da hukumar shige da fice, wasu aka ba su wa'adin barin ƙasar. Waɗannan su ne aka ji labarinsu. Waɗanda suka tattaro kayansu shiru daga Indiya da Masar da Turkiyya suka dawo gida da rabin digiri, babu jaridar da ta ƙidaya su.

Ƙasashen da aka fi rububin zuwa su ma sun ɗaga katanga. Birtaniya na buƙatar ɗalibi ya nuna kuɗin makaranta na shekarar farko da kuɗin zama na wata tara, kuma sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusun banki ba tare da sun ragu ba. A ma'aunin da ya fara aiki a Janairun 2025, wanda daga baya aka ƙara shi, kuɗin zaman ya kasance fam 1,136 a wata ga wanda zai zauna a wajen Landan, fam 1,483 ga na cikin Landan. Akwai kuma harajin kiwon lafiya na fam 776 a kowace shekara, wanda ake biya a dunƙule na duk shekarun karatun tun kafin a buga biza. Bayan wannan, jami'o'in ƙasar da yawa ba sa ɗaukar mai shaidar WAEC kai-tsaye zuwa aji ɗaya, sai ya yi shekarar share fage, ita ma da kuɗinta. Kanada ta ninka kuɗin da take so a nuna daga dalarta 10,000 zuwa 20,635 a Janairun 2024, ta kuma ƙayyade yawan izinin karatun da take bayarwa. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, abin da dillalai ke yawan kafa hujja da shi, amma ofishin jakadanci zai nemi a zuba Yuro 11,904 a wani asusu na musamman da ake sakar wa ɗalibi kaɗan-kaɗan kowane wata, kuma mafi yawan darussan digirin farko da Jamusanci ake koyar da su.

A nan ne akan ji maganar da ta fi kowace jefa iyalai cikin rami: a haɗa masa na shekarar farko kawai, in ya je zai yi aiki ya biya sauran. A ɗauki biro a gwada. Dokar Birtaniya ta yarda ɗalibin digiri ya yi aikin sa'o'i 20 a mako lokacin zangon karatu. Mafi ƙarancin lada ga mai shekara 18 zuwa 20, a ma'aunin Afrilun 2025, ya kasance fam 10 a sa'a. Idan ya samu aikin, ya kuma cika sa'o'insa duka ba ciwo ba jarrabawa, zai tashi da kusan fam 800 a wata. Wannan bai kai abin da gwamnatin ƙasar da kanta ta ƙiyasta na haya da abinci ba, balle a zo ga kuɗin makaranta da ba kasafai yake gaza fam 11,000 a shekara ba. A Amurka sa'o'in 20 ne su ma, kuma a cikin harabar jami'a kaɗai. Wanda ya ƙetare iyaka ya yi aiki a ɓoye, bizarsa ya sa a caca. A ƙasashe irin su Indiya da Masar kuwa, inda matasan ƙasar da kansu ke neman aikin ido rufe, zancen ma bai taso ba.

Tallafin karatu: yana ina, kuma na wa ne?

Sunayen da suka fi shahara a bakin matasa, Chevening da tallafin ƙasashe renon Ingila da na asusun PTDF na ƙetare, duk na masu digiri na biyu ne ko na uku. Chevening ma sai mutum ya yi aiki na aƙalla shekara biyu. Shirin gwamnatin Kano na tura ɗalibai Indiya da Uganda, wanda aka farfaɗo da shi a 2023, shi ma na waɗanda suka riga suka kammala digirin farko da sakamako mai daraja ne. Ɗan sakandare da ke ganin hotunan masu tafiya a filin jirgi bai cika lura da wannan ba.

Babbar ƙofar gwamnatin tarayya ga masu digirin farko ita ce yarjejeniyar musayar ɗalibai da ake kira BEA, wadda a ƙarƙashinta ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary ke ba da gurbi kyauta, Najeriya kuma ta riƙa biyan ɗalibanta kuɗin kashewa. Yaran talakawa masu hazaƙa da dama ta nan suka zama likitoci da injiniyoyi. A 2024 aka zaftare alawus ɗin daga dala 500 zuwa dala 220 a wata, bayan an yi watanni ba a biya ba. A 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da dakatar da shirin, bisa hujjar cewa yawancin darussan ana koyar da su a jami'o'in gida, tare da alƙawarin ci gaba da ɗaukar nauyin waɗanda ke can har su gama. Ɗaliban da iyayensu sun ci gaba da kokawa kan bashin alawus. Haka aka sha jin kukan ɗaliban da gwamnatocin jihohi suka tura, kamar 'yan Zamfara a Arewacin Cyprus, waɗanda kuɗin makarantarsu ya maƙale. Gwamna wa'adinsa shekara huɗu ne, karatun likita kuwa shida.

Duk da haka akwai ƙofofi na gaskiya, kuma abin takaici shi ne waɗanda suka fi cancanta su ne suka fi rashin labarinsu. Gwamnatin Turkiyya na buɗe shafin neman tallafinta, Türkiye Bursları, daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Tana biyan kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi da kuɗin kashewa, da shekara guda ta koyon Turkanci. Sharaɗinta ga mai neman digirin farko shi ne kada ya kai shekara 21, ya kuma samu aƙalla kashi 70 cikin 100, mai son likitanci kashi 90. Ba a biyan ko kwabo wajen nema. Japan na ɗaukar ɗalibai ta ofishin jakadancinta da ke Abuja bayan jarrabawa da ganawa. Gidauniyar Mastercard na ɗaukar nauyin 'ya'yan marasa ƙarfi a jami'o'in da take hulɗa da su, ciki har da Ashesi ta Ghana. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda ta yaye malamai da yawa na Arewa, har yanzu tana ba da karatu da masauki da alawus kyauta, kuma yanzu ta intanet ake nema. Mai son Azhar kuma ya fara bincika ko an yi wa shaidar makarantarsa mu'adala, wato an daidaita ta da ta Azhar. Idan ba a yi ba, jarrabawar gwaji za a yi masa a Alƙahira, kuma tana iya mayar da shi matakin sakandare ya yi shekaru kafin ya taka ƙofar kwaleji.

Amurka na da nata tsarin, inda wasu jami'o'i masu arziki ke ɗauke wa ɗalibi mai hazaƙa kusan dukkan nauyi idan suka tabbatar iyayensa ba su da hali, kuma cibiyar EducationUSA da ke Abuja da Legas na ba da shawara a kan haka. A zangon 2023/2024 'yan Najeriya 20,029 ne ke karatu a can. Amma a Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa ta wata uku mai shiga sau ɗaya, sannan a Disamba ta saka Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai. Ƙa'idojin shige da fice sauyawa suke yi kamar iskar bazara, don haka abin da wani ya faɗa bara ba hujja ba ne bana. Shafin ofishin jakadancin ƙasar ne abin dubawa.

Suna ɗaya, rubutu uku

Akwai wata matsala da ta fi addabar 'yan Arewa, kuma ƙarama ce har sai ranar da ta hana mutum tafiya. A takardar haihuwa an rubuta Muhammadu, a WAEC Mohammed, a katin NIN Muhammad. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata kuma sunan garinsu. Ranar haihuwa ma wani malamin firamare ne ya ƙiyasta ta. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in biza da ke kallon takardu uku, mutum uku yake gani. Gyaran suna a WAEC ko a hukumar NIMC na iya cin watanni, shi ya sa ya kamata a daidaita komai tun ranar rajistar jarrabawa a aji shida. Fasfo kansa, daga Satumban 2025, naira 100,000 ne mai shafi 32. Ƙasashe da yawa kuma na so a kai shaidar karatu Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a buga musu hatimi kafin ofishin jakadanci ya duba su. Jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu sakamakonta ke aiki, wasu jami'o'in kuma sukan wadatu da kiredit ɗin Turanci na WAEC. A tambaya kafin a kashe kuɗi.

Sai rubutun gabatar da kai, wanda masu ba da tallafi ke ba muhimmanci ƙwarai. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma kunya ado ce. Yaron da ya haddace Alƙur'ani yana shekara 14, yake koyar da ƙannensa lissafi da dare, yake gyaran waya a kasuwa ranar Asabar don ya biya kuɗin jarrabawarsa, idan aka ce ya rubuta labarin kansa sai ya ga ba shi da abin faɗa. Sai ya kwafo wani rubutu daga intanet mai cike da manyan kalmomi, irin wanda masu tantancewa suka karanta sau dubu. Alhali abin da ya raina ɗin nan shi suke nema. Faɗin abin da mutum ya aikata, da inda ya yi shi, da abin da ya koya, ba fariya ba ne.

Dillali da ladansa

Ba kowane dillalin karatu ne macuci ba, akwai masu riƙon amana. Amma ya kamata uba ya san cewa yawancinsu jami'ar ce ke biyansu kamasho a kan kowane ɗalibin da suka kawo. Saboda haka makarantar da dillali ya fi yabo ba lallai ita ce ta fi dacewa da yaron ba. Tana iya zama wadda ta fi ba da lada. Rangwamen rabin kuɗi da ake kira tallafi, a wurare da yawa kowane ɗalibin ƙetare ake ba, an riga an sa shi cikin farashi. Kuɗin makaranta kuma asusun jami'a ake biya, ba asusun wani mutum ba. Mafi haɗari shi ne dillalin da zai ce zai haɗa takardar banki ta bogi: idan aka gano, Birtaniya na iya hana mutum biza har shekara goma, kuma sunan yaron ne zai ɓaci, ba na dillalin ba.

Tun a 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'yansu Arewacin Cyprus, bayan mace-macen ɗalibai da ba a warware musabbabinsu ba. Yankin, Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can. Dillali ba zai fara da wannan bayani ba.

Tallan da ya haɗa karatu da aiki shi ya fi buƙatar a yi masa kallon tsanaki. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton 'yan mata daga ƙasashen Afirka, masu shekara 18 zuwa 22, da aka ɗauka ta shafukan sada zumunta da alƙawarin koyon sana'a da albashi a yankin Alabuga na Rasha, suka tsinci kansu a masana'antar haɗa jirage marasa matuƙa na yaƙi. Hukumar NAPTIP kuma ta sha ceto matan da aka kai ƙasashen Gabas ta Tsakiya da sunan aiki, aka ƙwace musu fasfo. Duk kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata zuwa ƙetare doka ta wajabta masa lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma neman a ga lasisin ba rashin kunya ba ne.

Khartoum da Kharkiv

Shekaru da dama Sudan ce zaɓin iyayen Arewa, musamman masu 'ya'ya mata: kusa take, da arha, ga Larabci, ga addini, ga Hausawa 'yan'uwa da suka daɗe da zama a can. Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartoum da wasu jami'o'in likitanci sun cika da 'yan Kano da Jigawa da Katsina da Sakkwato. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF, ana cikin azumi. Ɗalibai suka yi kwanaki a ɓoye a ɗakunansu, sannan aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, inda suka ƙara wasu kwanakin a cikin sahara kafin a bar su su wuce. Rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. An tsira da rai, amma da yawa sun baro takardun sakamakonsu a ofisoshin da aka rufe ko aka wawashe. Hukumar JAMB ta buɗe hanyar sauya musu jami'a a gida, sai dai guraben likitanci a gidan dama a cike suke, kuma wanda ba shi da shaidar darussan da ya ci, da wuya a ɗora shi daga inda ya tsaya.

Shekara guda kafin nan, ranar 24 ga Fabrairun 2022, irin wannan ta faɗa wa dubban 'yan Najeriya a Kharkiv da Sumy da Kyiv na Ukraine. Jami'o'in suka koma koyarwa ta intanet, Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, MDCN, kuma ta ce ba za ta amince da digirin likitancin da aka yi ta intanet ba. Babu wanda zai iya hango yaƙi. Abin da ke hannun ɗalibi shi ne ya karɓi takardar sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowace shekara, ya ajiye kwafinta a gida da kuma a imel, ya yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya ranar da ya sauka, kuma kada fasfonsa ya kwana a hannun kowa.

Ranar dawowa

A ƙarshen Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya wallafa yadda ya sayi digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya samu shiga hidimar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agusta Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ne ke riƙe da shaidar bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i biyar kacal aka amince da su a Benin, uku a Togo. Wukar ba masu sayen takarda kaɗai ta yanka ba. Akwai waɗanda suka zauna a aji shekara uku ko huɗu da zuciya ɗaya, iyayensu suka biya da sefa, amma sunan makarantarsu bai fito a jerin ba.

Duk wanda ya yi digiri a waje, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shaidarsa kafin hukumar NYSC ta karɓe shi, kuma za a duba fasfonsa a ga tambarin shiga da fita da ke nuna ya zauna a ƙasar da gaske. Za a duba sakamakon sakandarensa ma: wanda ya je ya karanta injiniyanci ba shi da kiredit a lissafi, domin jami'ar can ba ta damu ba, a nan zai gamu da tambayar da ya guje wa. Likita sai ya ci jarrabawar MDCN kafin a ba shi lasisin fara aiki, kuma an yi zagayen da fiye da rabin waɗanda suka zauna suka faɗi, galibi saboda sun yi karatu a inda ba su jin harshen marasa lafiya, ba su taɓa majinyaci da hannunsu yadda ya kamata ba. Wanda ya karanta shari'a sai ya yi kashin farko na Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya haɗu da takwarorinsa na gida a kashi na biyu. Masu haɗa magunguna da ma'aikatan jinya su ma kowa da tasa hukumar da nata sharuɗɗan. Waɗannan ofisoshi duk suna amsa tambaya kafin a tafi, ba sai an dawo ba. Wasiƙa ɗaya zuwa Ma'aikatar Ilimi, ɗauke da sunan jami'a da na kwas, ta fi arha a kan shekara biyar.

Saura ɗalibin da ya riga ya shiga jami'a a gida, yana aji biyu ko uku, zuciyarsa na raya masa ya watsar ya tafi. Jami'o'in waje ba safai suke lissafa duk darussan da aka yi a nan ba. Da yawa aji ɗaya za su mayar da shi, bayan ya sha wahalar fitar da takardar sakamako daga ofishin jami'arsa. A ganina, in ba cikakken tallafi ya samu a rubuce ba, ya fi masa ya zauna ya kammala da sakamako mai kyau, ko da da rancen asusun NELFUND ne da aka fara bayarwa a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Yawancin tallafin ƙetare a matakin digiri na biyu yake, shekara ɗaya ne ko biyu, kuma abin da masu bayarwa ke fara dubawa shi ne makin da aka tara tun daga aji ɗaya a Zariya ko Kano ko Maiduguri.